Aikin jinya a Saudiyya: me ake fara yi, me ake bari sai ƙarshe?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani asibiti mai zaman kansa a Jidda ya turo wa ƙanwata takardar tayin aiki. Nas ce, shekararta huɗu tana aiki. Ejan ɗin da ya haɗa su ya matsa mata lamba ta je gwajin lafiya a satin nan, ta kuma rubuta takardar ajiye aiki. Don Allah masu sani ku faɗa mana yadda abin yake tun daga tushe, kada a yi aikin baban giwa.

Anti Nas: Wa alaikumus salam Maman Hanif. Abu biyun da ejan ya sa a gaba su ne na ƙarshe a jerin, ba na farko ba. Ki ce mata kada ta ajiye aiki sai ta ga biza ta fito. Takardar tayi ba biza ba ce, ba kwantiragi ba ce, asibiti yana iya janye ta ba tare da ya biya ta ko sisi ba.

Abin da za ta fara yi, kuma shi ne mafi arha, ta je wani ɗakin gwaji da ta yarda da shi ta auna kanta: ciwon hanta nau'in B da C, HIV, sannan a ɗauki hoton ƙirji. Dalili kuwa, gwajin da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suke yi wa masu zuwa aiki, wanda a da ake kira GAMCA yanzu kuma Wafid, yana kayar da mutum a kan waɗannan. Ciwon hanta na B yana da yawa a wurinmu, kuma mutum yana iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba, yana tafiyarsa garau. Haka tabon tsohon tarin fuka a huhu, ko an warke tuntuni, yana iya sa a rubuta bai cancanta ba. Sakamakon Wafid yana shiga kwamfuta ne, ƙasashen duka suna gani, ba a canja asibiti a sake. Gara ta san matsayinta tun ba ta kashe dubban ɗaruruwa a kan takardu ba.

Dakta Baban Sadiq: Na goyi bayan Anti. In ƙara da cewa ana yi wa mata gwajin ciki a wurin, mai juna biyu ba za a ɗauke ta hoton ƙirji ba, don haka rahotonta ba zai kammalu ba. Sannan rahoton Wafid wa'adinsa gajere ne, bai wuce wata biyu zuwa uku ba. Wanda ya yi shi tun lambar biza ba ta fito ba, sai ya mutu a hannunsa ya sake biya. Shi ya sa gaggawar ejan ɗin nan ba ta kwanta mini ba. Kuma ba ke kike zaɓar asibitin gwajin ba: a shafin Wafid ake cike bayanan fasfo, a biya kuɗin rajista, shafin ya ba ki asibiti da kansa. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi zai "gyara" sakamako, ki rabu da shi, domin in an isa can ana sake gwajin kafin a ba da igama, wato katin izinin zama.

Maman Hanif: To Dakta, idan gwajin da ta yi da kanta ya fito lafiya, sai me?

Dakta Baban Sadiq: Sai ta baje takardunta gaba ɗaya a kan tabarma ta duba suna da ranar haihuwa. Fasfo, NIN, shaidar makaranta, lasisin hukumar jinya, takardun wuraren da ta yi aiki. Nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa. A wata takarda Muhammad, a wata Mohammed, a wata Moh'd. A wata an sa sunan gari a matsayin suna na uku, a wata babu. Mace ta yi aure ta koma amfani da sunan miji, alhali satifiket yana ɗauke da na uba. Mu a gida mun saba, ba ma ganin komai ne, amma mai tantancewa a waje mutum biyu yake gani. Idan akwai bambanci, a yi rantsuwar kotu da sanarwar jarida tun yanzu, a haɗa su cikin abin da za a tura.

Daga nan sai DataFlow. Kamfani ne da hukumar kula da ma'aikatan lafiya ta Saudiyya, wato SCFHS, take amfani da shi ya tuntuɓi makarantar da ta ba ki shaida, da hukumar da ta ba ki lasisi, da asibitin da kika ce kin yi aiki, kowanne ya tabbatar da bakinsa. Su ba sa jinkiri sosai. Jinkirin daga wajenmu yake: imel ɗin ofishin rajistara wanda ba mai buɗewa, ko jami'in da ke da hurumin sa hannu ya tafi hutu. Maganinsa shi ne ta je ofishin da ƙafarta kafin ta cike fom, ta karɓi imel da lambar wanda zai amsa, ta gaya masa saƙo yana tafe, sannan ta riƙa bibiya. In an yi haka wata ɗaya zuwa biyu ya isa. In ba a yi ba, rahoto ya fito da cewa an kasa tabbatarwa, sai an sake nema.

Wanda ya fi wannan muni shi ne rahoton da ya ce takarda ba ta gaskiya ba ce. Yawanci takardar ƙwarewar aiki ce ke jawo shi, inda aka ƙara shekara ɗaya ko biyu don a cika sharaɗi. Wannan tabo ba ya gogewa, yana bin mutum har sauran ƙasashen yankin da ke amfani da kamfanin. Don girman Allah kada ta yarda kowa ya ƙara mata ko wata ɗaya.

Anti Nas: Bayan DataFlow sai ta buɗe asusu a Mumaris Plus, shafin SCFHS ke nan, ta nemi a tantance matakinta. Nan akwai abin da ya kamata ta sani tun kafin ta yi murna da albashi: mai digirin jinya da mai shaidar makarantar koyon jinya ba mataki ɗaya ake ba su ba. Mai digiri ana sa shi a matakin da suke kira akhissa'i, mai difloma kuma fanni, albashinsu kuma ba ɗaya ba. Idan asibiti ya yi tayi a kan babban matakin, hukuma ta ba da ƙaramin, za a sake lissafi. Haka kuma dogon giɓi a aiki, musamman wanda ya haura shekara biyu, yana jawo a ce sai an yi ƙarin horo. Wannan ma wani dalili ne na kada ta zauna a gida tana jira. In an amince, za a ba ta lambar cancanta, da ita ake yin rajistar jarrabawar lasisi a Prometric, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar a kwamfuta.

Ta kuma duba halin da ake ciki a hukumar jinya da ungozoma ta Najeriya kafin ta biya DataFlow. A Fabrairun 2024 hukumar ta fitar da sababbin sharuɗɗan tantance takardun masu fita waje, ciki har da aikin shekara biyu bayan samun lasisi, abin da ya jawo zanga-zangar ma'aikatan jinya a Abuja da Legas. Ita mai shekara huɗu wannan bai shafe ta ba, amma lasisinta ya zama an sabunta shi, babu bashin shekarun baya.

Ɗan Fagge: Anti, a nan zan ɗan saɓa miki. Ba dole ne a rubuta Prometric a gida ba. Akwai asibitocin da suke kawo ma'aikaci ya rubuta a can, su ma biya masa. Me zai sa ta kashe kuɗinta?

Anti Nas: Haka ne Malam, ana yi. Amma ka duba wa haɗarin yake kansa. Damar rubuta jarrabawar ƙididdigagga ce. Wadda ta faɗi a gida tana nan da aikinta da ɗakinta, ta sake karatu ta koma. Wadda ta faɗi a can tana cikin watannin gwaji, ba lasisi, asibiti ba zai riƙe ta ba, ga shi ta riga ta saki na hannu. Kuma karatun jarrabawa a watan farko a baƙuwar ƙasa, ga sabon yare ga tsayuwar awa goma sha biyu, ba ƙaramin abu ba ne. Ni dai ra'ayina ta ci a gida, in ya so ta nemi asibitin ya mayar mata da kuɗin, a rubuta hakan a kwantiragi.

Ɗan Fagge: Na karɓa. To bari in kawo ɓangaren Abuja, tunda shi ma yana cin lokaci. Shaidar karatu sai ta bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ɓangaren Saudiyya, wato ofishin jakadancinsu. A jere ake bi, ba a tsallake ɗaya, domin kowane ofishi hatimin wanda ya gabace shi yake dubawa. Wasu za su ce ai Saudiyya ta shiga yarjejeniyar Apostille, wadda ke sa hatimi ɗaya ya wadatar tsakanin ƙasashe, a 2022, an daina wannan wahalar. Ta shiga, amma Najeriya ba ta ciki, don haka mu har yanzu tsohuwar hanya muke bi. Takardar shaidar hali daga 'yan sanda ta shafin POSSAP ake nema, ita ma kada a yi ta da wuri don tana tsufa. Katin rigakafin shawara a ofishin lafiya na filin jirgi ake karɓa. Fasfo kuma, doka wata shida take nema, amma in saura shekara ɗaya ya ƙare gara ta sabunta tun a gida, ba sai ta je tana neman hutu don zuwa ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda ba.

Malam Lauya: Jama'a kun yi bayanin hanya, ni kuma zan tsaya a kan kwantiragi, don a nan ake kuka daga baya.

Takardar da aka turo ta WhatsApp ko imel ba ita ce abin dogaro ba. Kwantiragin da hukuma ta sani shi ne wanda mai aiki ya shigar a Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadagon Saudiyya, ma'aikaci ya buɗe ya danna amincewa. Sau da yawa a nan ake ganin bambanci: tayi ya ce kaza, abin da ke Qiwa ya ce ƙasa da haka, ko an canja sunan aikin. Mutum ya sauka a gajiye, aka ce danna nan, ya danna. Shi ke nan ya amince. Ta karanta layi-layi, in bai dace da tayin ba ta ƙi amincewa ta rubuta dalili, shafin ya ba da wannan dama. Kuma dokar ƙwadagonsu ta ce in an sami saɓani tsakanin Larabci da wani yare, Larabcin ake bi. Alhamdu lillahi ba mu rasa masu Larabci a unguwanninmu ba, a kai wa wanda ya iya ya karanta tun daga takardar tayi.

Abubuwan da za ta nema a ciki. Albashi a rarrabe: tushen albashi nawa, alawus ɗin gida nawa, na mota nawa. In asibiti ne zai ba da masauki, mutum nawa ne a ɗaki. Lokacin aiki a doka awa 8 ne a rana ko 48 a mako, a Ramadan kuma 6 a rana ko 36 a mako ga Musulmi. Abin da ya haura ƙarin lokaci ne, ana biyan kuɗin awa ɗaya da ƙarin rabin na tushen albashi. Hutun shekara bai gaza kwana 21 ba, yana komawa 30 bayan shekara biyar a jere. Watannin gwaji ba sa wuce kwana 180, kuma a cikinsu ana iya sallama ba kuɗin sallama.

Sashe na 40 na dokar ya kamata kowa ya haddace. Kuɗin ɗauko ma'aikaci, kuɗin igama da izinin aiki da sabunta su, tarar jinkirin sabuntawa, kuɗin bizar fita da dawowa, da tikitin komawa gida in kwantiragi ya ƙare, duk a wuyan mai aiki suke. Don haka ejan da ya ce a kawo miliyoyi "kuɗin biza", ku tambaye shi me ake saya. Ku kuma nemi ya nuna lasisinsa na ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. In ya fara kame-kame kun sami amsa.

Maman Hanif: Malam, kuɗin sallamar nan fa, yaya ake lissafa shi? Ejan ya ce wai albashin wata ɗaya ne duk shekara.

Malam Lauya: Bai faɗa miki daidai ba Hajiya. Rabin albashin wata ne a kowace shekara cikin biyar ɗin farko, sai daga ta shida ake ba da wata cikakke, kuma da albashin ƙarshe ake lissafi. Mu ɗauka misali tushe riyal 4,000, gida 1,000, mota 400, jimla 5,400. In ta kammala kwantiragin shekara biyu ta tafi, tana da 5,400. Amma in ita ce ta ajiye aiki da kanta, lissafi ya canja: ƙasa da shekara biyu ba ta da komai, daga biyu zuwa biyar kashi ɗaya cikin uku, daga biyar zuwa goma kashi biyu cikin uku, sai a shekara goma take samun duka. Wadda ta ajiye a shekara uku da wancan albashin, maimakon 8,100 sai ta tashi da 2,700. Saboda haka wanda zai tafi, ya fi masa ya bari wa'adi ya cika ya sanar a rubuce cewa ba zai sabunta ba, a cikin lokacin da kwantiragi ya ƙayyade. In ya yi shiru, da yawa suna sabunta kansu. Kuma wanda ya katse kwantiragi mai wa'adi ba da hujjar doka ba, ana iya bin sa diyyar watannin da suka rage.

Duk wannan na asibiti mai zaman kansa ne. Wanda gwamnati ta ɗauka kai tsaye yana iya faɗawa ƙarƙashin wasu ƙa'idojin daban, sai ya duba nasa.

Hajiya Ta Sharafiyya: Ni abin da nake so in ja kunne a kai shi ne irin bizar. In ejan ya ce ta shiga da bizar Umara ko ta ziyara, "in ta isa za a mayar da ita ta aiki", to maganar ta ƙare, ku tashi. Ba a aiki da waɗannan. Ƙarshen abin zaman ɓuya ne, ba asusun banki, ba inshora, ba inda za a kai ƙara, sai ranar da aka kama mutum a kai shi tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a mayar gida, a Shumaisi, a ɗauki yatsunsa a hana shi dawowa. Mun san yadda 'yan uwanmu takari suke rayuwa a haka, ba abin da za a so wa mai sana'a a hannu ba ne. Ta kuma duba sana'ar da aka rubuta a bizar. In nas ce, a rubuta nas. Wasu ana kawo su da bizar aikin gida a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Sauye-sauyen da aka fara aiki da su a Maris 2021, waɗanda suka ba ma'aikaci damar canja wurin aiki bayan shekara ɗaya da neman bizar fita da kansa ta Absher, manhajar ayyukan gwamnatin Saudiyya, ba su haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba.

Ɗan Fagge: Gaskiya ne Hajiya. Sai batun kaya a filin jirgi. Kada ta karɓi saƙon kowa, ko na wa ne, ko da kuwa ƙullin yaji aka ce. Tramadol da maganin tari mai kodin suna kai mutum kurkuku, safarar ƙwaya kuma hukuncinta a can yana kaiwa ga kisa. Goro ma an hana shiga da shi. Ta tsaya a gabanta a auna jakunkunanta, ta ƙirga takardun shaidar kaya da aka manna mata a tikiti, in jaka biyu ta ba da ta ga biyu. Ba mu manta ɗalibar nan da aka kama a Madina a ƙarshen 2018 ba, saboda jakar da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano ba da saninta ba, sai a 2019 aka sake ta bayan gwamnati ta sa baki. Mai shan magani kullum ya tafi da takardar likita, maganin kuma a cikin kwalinsa.

Dakta Baban Sadiq: In ta sauka, jami'in shige da fice zai ba ta lambar shiga, wadda ake kira raƙamul hudud. Ta adana ta, da ita ake sayen layin waya da yin gwajin lafiya na biyu kafin igama ta fito. Mai aiki yana da kwana 90 ya fitar da igama. Kafin nan buɗe asusun banki yana wuya, albashin farko yakan makara, don haka ta riƙe guzurin da zai kai ta wata biyu. Da igama ta fito sai ta yi rajistar Absher da Nafath, manhajar tabbatar da ko wane ne mutum, da layin da ke kan sunanta, ba na wani ba, kada kuma ta ba kowa lambar sirri, har da ma'aikacin ofis da ya ce zai taimaka. Fasfo a hannunta zai zauna, doka ta hana mai aiki riƙe shi. Ta lura da wane kwanan wata aka rubuta wa'adin igama, na Hijira ko na Bature, domin shekarar Hijira ta gaza ta Bature da kusan kwana 11, mutane suna ruɗewa a nan.

Baban Ilham: Tambaya: tana da miji da yara? Don ina ganin a tafi gaba ɗaya ya fi kwanciyar hankali.

Maman Hanif: Tana da miji da yara biyu.

Hajiya Ta Sharafiyya: Kwanciyar hankali kam akwai, Baban Ilham, amma a yi lissafi da alƙalami tukuna. Kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashin igamarka ana biya masa riyal 400 a wata, haka yake tun Yulin 2020, kuma wannan ba ya cikin abin da doka ta ɗora wa mai aiki. Mutum uku 1,200 ke nan a wata, 14,400 a shekara. Sai ta fita daga masaukin asibiti ta kama haya, a yi rajistar hayar a Ejar, shafin gwamnati na haya, masu gida kuma da yawa wata shida ko shekara suke so a dunƙule. Ga kuɗin makarantar yara, ga harajin kaya kashi 15 cikin ɗari a kan kusan duk abin da aka saya. Gaskiya ba a cire harajin albashi, riyal kuma a ɗaure yake da dala a kan 3.75, shi ya sa in an juya shi zuwa naira yake cika ido. Amma a riyal za a ci abinci, ba a naira ba. Kuma mijin da ya shigo a matsayin ɗan rakiya ba shi da izinin aiki da wannan igamar. Shawarata ta tafi ita kaɗai ta wuce watannin gwaji, ta ga abin da ke saura a hannunta a wata, sannan a yanke. Takardar aure da na haihuwar yara dai a yi musu hatimin Abuja tare da sauran tun yanzu, a fassara su zuwa Larabci, don kada a sake wata tafiyar.

Baban Ilham: Na ji lissafin, amma raba uwa da ƙananan yara wata shida ko shekara shi ma farashi ne, ba a rubuta shi da riyal kawai. Ya kamata gidan su zauna su san wa zai riƙe yaran tun kafin a sa hannu.

Malam Lauya: Wannan haka yake. Abu ɗaya da ya rage: in albashi ya tsaya, kada ta daina zuwa aiki don fushi. Mai aiki zai shigar da rahoton cewa ta gudu, abin da aka fi sani da hurub, daga nan ita ce mai laifi. Ta ci gaba da zuwa, ta ajiye bayanan asusun banki, ta kira ma'aikatar ƙwadago a 19911, ta shigar da ƙorafi a intanet. Ana fara zaman sulhu na kwana 21 na aiki, in bai yiwu ba a tura kotun ƙwadago. Rashin biyan albashi wata uku a jere yana ba ta damar komawa wani wurin aiki ba da yardar na farko ba. Kuma kada ta bari wani ya riƙa tura kuɗinsa gida ta asusunta, in abin da ke fita ya fi albashi za a tambaye ta inda ta samo.

Maman Hanif: Allah Ya saka muku da alheri. Na tura mata duka. Gobe in sha Allah za ta fara da gwajin hanta da hoton ƙirji. Anti, takardar ajiye aikin da ta riga ta rubuta fa?

Anti Nas: Ta ajiye ta a jaka. In biza ta fito tana da kwana 90 kafin ta shiga da ita, ya ishe ta ba da sanarwar wata ɗaya ta miƙa aiki yadda ya kamata. In wurin aikinta suna ba da hutun ba albashi, ta fara neman wannan. Kuma ta karɓi takardar shaidar aiki mai ɗauke da ranar farawa da ranar gamawa, da hatimi da sa hannun shugaban ma'aikatan jinya, kafin ta bar garin.